Yadda Na Yabi 'Yar Maƙwabcina Har Ta Shiga Jami'a

A gidan da muka zauna a unguwar Danau Kota, abin da ya raba barandata da ta maƙwabcina wani siririn bango ne da bai kai kafaɗata ba. Ta kansa ake miƙa gishiri, ta kansa kwanon miya yake tsallakawa, kuma da annobar korona ta zo aka kulle kowa a ɗakinsa, ta kansa muka ci gaba da zumunci. Can sama muke, inda in ka leƙa ƙasa sai ka ga mutane kamar tururuwa. A kwanakin kulle ko tururuwar babu, sai masu babur da ke kai wa mutane abinci.

Ni karatun digirin digirgir ne ya kai ni Kuala Lumpur, bayan furfura ta riga ta kama gemuna, har yaran ajinmu suna tashi su ba ni kujera don sun zaci ni ne malamin. Maƙwabcina shi ma abin da ya kawo shi ke nan. Bafillace ne daga wajen Gombe, dogo, siriri, mai tsimin magana. In ya yi maka magana uku a yini, to ka je ka duba ko lafiya. Ni kuwa mutumin Kano ne, kuma maiɗakina ta sha faɗa cewa ko a barci ba na rufe baki, ina ci gaba ne daga inda na tsaya. Allah ya haɗa mu bango ɗaya, ni ina zuba, shi yana gyaɗa kai, kowa ya samu abin da yake so.

Yana da 'ya'ya uku. Ƙananan biyu a can suka yi wayo, in ka yi musu Hausa su mayar maka da Turanci, su liƙa masa "lah" a wutsiya. Babbar kuwa, 'yar farinsa, tana shekarunta na ƙarshe a sakandare. Yarinya ce mai natsuwa, Baffa take ce mini. Tun da na san gidan ban taɓa jin uban ko uwar sun kama sunanta ba. "Ke" ce, ko "yarinyar nan". In baƙo ya yabe ta a gabansu, uwar sai ta tashi ta shiga kicin, uban kuma ya fara duban silin kamar yana neman inda yake yoyo. Ban ga abin mamaki ba, don ni ma nawa ɗan farin yana Kano wajen kakarsa, kuma kada ka tambaye ni sunansa.

Makarantar yarinyar tana da wani tsari. Ɗalibin da aka ga zai iya, sai a sa shi a wani aji na musamman inda ake koyar da karatun shekarar farko ta jami'a tun yana sakandare. A ƙarshe ya zauna jarrabawa, in ya ci, jami'a ta ɗauke masa shekarar share fage ya shiga kai tsaye. Ga wasu yaran abin ado ne. Ga wannan yarinya kuwa, zamanta a ƙasar ne ya rataya a kai. A kan takardar ubanta take zaune, shi kuma lokacin da aka ɗibar masa ya kusa ƙarewa. In ta ci, za ta shiga jami'a ta samu takardar zama ta kanta kafin su ɗaure kaya. In ba ta samu ba, sai ta bi su gida, inda jami'o'i suke rufe, ga annoba ga yajin aiki, ta koma neman wata jarrabawar da ba a taɓa koya mata ba. Ajin lissafi take so, kuma kowa a benen ya san za ta iya.

Sai dai makarantar ta ce tunda karatun mai nauyi ne, kuma daga gida za a yi shi, dole malamar ajin ta gana da iyaye ta kwamfuta, ta ji ko gida yana bayan yarinyar.

Ranar ganawar ina baranda ina shan shayi. Ba saurare na je yi ba, bangon ne ba ya riƙe sirri. Malamar Basiniya ce, mai fara'a, muryarta kamar ta mai karanta labarai. Ta ce wa uban ya ba ta labarin 'yarsa. Ya ce tana nan dai. Ta tambaye shi ko yana ganin za ta iya karatun jami'a tun yanzu. Ya ce Allah ne masani. Ta juya kan uwar, uwar ta ce ita dai abin da ta sani, har yau yarinyar nan in ta tuƙa tuwo sai an tsince gudaji. Malamar ba ta haƙura ba, ta ce to a ina yarinyar ta fi ƙarfi. Uban ya yi shiru har na zaci intanet ce ta yanke, can ya ce barci.

Na kusa shaƙewa da shayi. A Gombe, duk wanda ya ji wannan amsa ya san mutumin nan ji yake da 'yarsa kamar ransa. Malamar kuwa ba a Gombe ta tashi ba. Ta yi godiya cikin ladabi, ta ce tana ganin gida bai gama natsuwa da abin ba, gara yarinyar ta zauna a ajinta na kullum kada a ɗora mata abin da zai karya ta.

Da yamma yarinyar ta fito shanya, idanunta sun yi ja. Ta gaishe ni kamar kullum, ta ci gaba da matse kaya, tana matse wata riga kamar rigar ce ta yi mata laifi. Can ta ce, "Baffa, sun san zan iya. Su faɗa kawai. Kalma ɗaya fa."

Ban ba ta amsa ba, kuma a tarihina wannan abin a rubuta ne. Bayan magariba na tare uban a kan bango. Na ce masa ya ɓata wa yarinya hanya da kunyarsa, ya kira matar nan ya gyara. Ya daɗe yana duban titi. Ya ce, "Malam, da bakina? Tana zaune tana ji?"

Na san ba zai iya ba. Da ya faɗa, gara ya sauka benen nan ta baranda. Sai na tuna masa yadda ake yi a gida. Ai ba don a bar ɗan fari babu yabo aka hana iyaye ba, an bar wa baffanni da gwaggwanni da kakanni ne. Matsalar kawai, duk suna can bayan teku. Na ce ga ni, Baffa take ce mini, kuma Allah ya hore mini abin aikin. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Washegari dai kwanon dambun nama ya tsallako bango, na gane an ɗauke ni aiki.

Yarinyar ta roƙi malamar a sake zama, wannan karon da baffanta. Malamar ta ce boleh, wato babu damuwa. Ranar na fito da babbar rigar da na tanada don bikin karɓar digiri, na kafa hula, daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa gajeren wando ne, tunda kwamfuta ba ta ganin nan. Maiɗakina ta tsaya a bakin ƙofa tana dubana, ta ce, "Baban yara, don Allah ka rage gishiri." Na ce mata yau ko ɗanɗano ba zan sa ba.

Kuma da farko na cika alkawari. Ni a ɗakina, su a nasu, kowa a ɗan akwatinsa a fuskar kwamfuta. Na yi wa malamar bayanin al'adarmu tiryan-tiryan: cewa a wajenmu iyaye ba sa kama sunan ɗan fari, ba sa yabonsa, kuma yawan kushen da ka ji shi ne yawan son. Na ga fuskarta ta sake. Ta yi dariya ta ce kakarta ma haka take, in an kawo mata jariri kyakkyawa sai ta ce kai wannan mummuna ne, don kada wani abu ya ji ya ɗauke shi. Ta ce yanzu ta fahimta. Magana ta ƙare ke nan, an ba yarinya ajinta. Mai hankali a nan zai yi godiya ya kashe kwamfuta.

Amma na riga na sa babbar riga.

Na ce mata tunda ta fahimta, bari ta ji wace ce aka kawo mata. Na ce ranar da aka haifi yarinyar nan, agogon bangon asibiti ta fara duba, ta yi kuka don ta ga ya yi latti. Na ce tana shekara huɗu take karatu, babu wanda ya koya mata. Na ce mai kedai, wato mai kantin da ke ƙasan benenmu, in na'urar lissafinsa ta ba shi amsa, sai ya jira yarinyar nan ta wuce ya tambaye ta ko na'urar ta yi daidai. Na ce lissafi ai wasa ne a wajenta, ko haɗa magunguna aka ba ta za ta gama kafin shayi ya huce. Ina yi ina ɗaga hannun riga. A ɗaya akwatin, uban ya samu wani wuri a silin ya kafa masa ido, uwar ta ɓace, yarinyar kuwa ta rufe fuska da mayafi. Malamar tana ta dariya tana rubutu, ni kuma na ɗauka dariyar ce kawai ta shige ta. Ashe rubutun ma yana shiga. Da za mu rabu ta ce tunda haka ne, akwai gurbi a ajin kemistiri ma, ta sa ta a duka biyun.

Ban gama cire hula ba na ji ana ƙwanƙwasa bangon baranda. "Baffa, lissafi kaɗai na roƙa," in ji yarinyar. Na ce mata ta gode wa Allah intanet ɗina ta fara rawa, da har tuƙin jirgin sama an sa ta.

Daga nan shekarar ta miƙe. In na tuna ta yanzu, ƙamshi nake fara ji: daddawar gidanmu tana karo da soyayyen barkonon maƙwabtanmu Malayawa a cikin lungu, har ba ka san na wa ke sa ka atishawa ba. A lokacin, magidanci kaɗai ake bari ya fita cefane. Ni da maƙwabcina mukan sa takunkumi mu tsaya a gaban ganyaye kamar masu duba mara lafiya, muna ɗaukar hoto muna aika wa mata, su kuma suna aiko mana da abin da ba zan rubuta ba. In mun dawo mu biya ta wajen mamak, wato masu shagon abinci, mu yi tapau, a naɗe mana burodinsu mai laushi mu taho da shi gida, a ƙulle mana shayi a leda. Ruwa yakan sauko bayan azahar kamar an yi masa alƙawari. Sallar idi a falo muka yi ta, ni ne liman, kuma huɗubata ta yi tsawon da mamu suka tashi suka bar ni suka je duba tukunya.

Yarinyar kuwa ta gamu da gamonta. Gwajin farko na kemistiri ta faɗi, faɗuwar da ba ta taɓa yi ba tun da aka sa ta a makaranta. Da can ita ce ta ɗaya ba tare da ta yi gumi ba, malami ya faɗa ta riƙe, shi ke nan. Yanzu an miƙa mata littafi mai kaurin bulo an ce ta karanta kafin a shigo aji. Na ji kukanta ta bango. Washegari uban ya kwashe littattafansa daga kan tebur ya koma kicin da su, ya bar mata teburin da kwamfutarsa, ya ce shi hasken kicin ya fi yi masa. Kicin ɗin nan ko taga babu. A kan murfin injin wanki ya ƙarasa rubuta kundin digirinsa.

Sannu a hankali na ga tana canzawa. Ta koyi raba yininta da kanta, babu mai tsaya mata a ka. Ta koyi ɗaga hannu ta ce wa malama ban gane ba, abin da ni sai da na shekara biyu a jami'a kafin na iya, don shekarata ta farko a neman ƙofar laburare ta ƙare. Ta kuma gano wani abu da ya fi jarrabawar amfani. Dangi a gida tun tana ƙarama suke ce mata likita, ita ma ta yarda. Ajin kemistiri ya nuna mata cewa za ta iya, amma ranta ba ya so, alhali in ta zauna da lissafi sai an tashe ta cin abinci. Gara da ta gane tun tana ɗakin uwarta, da a ce sai ta yi nisa a jami'a.

Bayan la'asar takan fito baranda ta yi mini bayanin darasin ranar. Ta ce in har Baffa ya gane, to babu mai jarrabawar da ba zai gane ba. Ban taɓa ganewa ba. Amma ina da tambayoyi, kuma tambayar jahili tana da wuyar amsawa, sai ta koma ta sake buɗe littafi. Ni ma fa ina da abin tsoro a ciki. In ta faɗi, ita za ta bi jirgi zuwa gida, kuma bakina ne ya ɗora mata kaya biyu a maimakon ɗaya. Akwai ranakun da shayin ba ya yi mini daɗi.

Jarrabawar ta zo ana cikin wani sabon kulle, don haka a gida aka ce a yi ta, kyamara a kunne. Sharaɗin shi ne babu mai shiga ɗakin, kuma in aka ji muryar wani, an soke. Duk benen aka juyo ana dubana. Maiɗakina ta kwaso ƙannen yarinyar ta kawo su wajenmu ta kunna musu katun babu sauti, ni kuma ta miƙa mini tabarma ta ce in je bakin lif in zauna, in tare masu kawo saƙo kada wani ya danna ƙararrawa. Da na isa sai na tarar da uban ya riga ni, yana zaune da carbi. Ya ce iska ya fito sha. A lungun nan babu iskar da ta taɓa wucewa tun da aka gina shi.

Muka zauna. Ban taɓa sanin safiya tana da tsawo haka ba. Labarai suka riƙa zuwa mini har maƙogwaro ina mayar da su, har cikina ya kumbura. Ita tana ciki tana jarrabawa, ni ina waje ina wadda ta fi tata wuya. Can wajen hantsi muka shagala, sai ga wani mai kawo abinci ya ɓullo ta matakala ta ɗaya gefen, ya ɓata hawa, ya nufi ƙofarsu da yatsa a miƙe. Na yunƙura zan tashi. Kafin in tattara gwiwoyina, wani abu ya wuce ni fuu. Maƙwabcina ne, mutumin da ko ruwan sama bai taɓa sa shi sauri ba. Ya tare ƙararrawar da tafin hannunsa, ɗaya hannun a kan baki. Mai abincin ya ja da baya yana ba da haƙuri da ka. Shi kuma ya dawo ya zauna, ya ɗauki carbinsa, ya ce ƙafarsa ce ta yi sanyi ya ɗan miƙe ta. Kwana biyu bayan nan muka sake irin wannan zaman saboda kemistiri.

Sakamako ya ɗauki watanni. Ranar da ya fito, ihun ƙannenta na fara ji da rana tsaka, rabi Turanci rabi Malayanci. A lissafi ta kai ƙololuwa. A kemistiri ta tsallake da ƙyar, kamar mai tsallake kwata da zani, amma ta tsallake. Wata jami'a a unguwar Cheras ta karɓi duka biyun, ta ɗauke mata shekarar share fage. Na kasa kunne in ji abin da uban zai ce. Ya ce to, madalla, sannan ya tambaya ko an kwashe shanya, don hadari ya haɗo.

Bayan la'asar ruwa ya ɗauke, na fito baranda. Maƙwabcina yana tsaye a tasa, hannu a baya, yana duban titi. Muka gaisa. Ya yi gyaran murya.

"Malam, abin nan da ka gaya wa malamar nan ranar. Ban ji shi sosai ba, intanet tana yankewa."

Intanet ɗinsa ba ta yanke ba ko sau ɗaya. Na ajiye kofin shayi, na gyara tsayuwa, na ɗauko daga agogon asibiti. Wannan karon babu kwamfuta, don haka na sake murya gaba ɗaya, har Malayawan da ke benen da ke fuskantarmu suka fito suna leƙe. Labulen ƙofar barandar maƙwabcina yana motsi, kuma na ga yatsun ƙafa a ƙarƙashinsa. Na zo kan cewa tana shekara huɗu take karatu babu wanda ya koya mata, sai ya ɗaga hannu kaɗan, idonsa na kan titi.

"Ba ta cika huɗun ba," in ji shi.

Na tsaya da baki a buɗe. Ni fa ƙirƙira na yi. Labulen ya daina motsi. Shi kuwa ya ce in ci gaba, ina wajen mai kedai.

Da lokacinsu ya yi suka ɗaure kaya suka tafi, ita ta koma ɗakin kwanan ɗalibai a Cheras da takardarta a hannu. Takan zo mana ƙarshen mako ta ci tuwo, har mu ma muka taso. Ta gama digirinta a lissafi shekara guda kafin sa'o'inta. Har yau in sun yi waya "ke" yake ce mata, ita kuma ta daina jiran wani abu daban.

Yanzu ina Kano, a gida mai doguwar katanga da waya mai ƙaya a kanta, babu mai miƙo mini gishiri ta sama. Bara nawa ɗan farin ya gama makaranta da sakamako mai kyau. Na kira Gombe na ce wa mutumina lokacin ramuwa ya yi, ga yaron nan, na miƙa masa wayar, na koma gefe ina duban silin. Na jiyo muryarsa can ƙasa ta ce, "Kai yaron kirki ne." Ya kashe.

Na so in yi ƙorafi, don ni babbar riga na sa. Amma yaron ya yi mako guda yana murmushi shi kaɗai, sai na bar maganar.